Shaye-shaye da Ƙanjamau a Jikin Mutum Ɗaya: Wane Tsarin Kulawa Ya Dace da Cibiyarku?

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin ba da maganin cuta mai karya garkuwar jiki ya san wasu majinyata waɗanda katinsu ba ya tafiya daidai. Sukan zo wata biyu a jere, su ɓace wata huɗu, su dawo a rame suna tari, a sake ɗora su a kan magani, sannan su sake yin ɓatan dabo. Idan aka bi diddigi, sau da yawa akan tarar ƙwaya ce ko allura ko giya a ƙarƙashin lamarin. Wannan rubutu domin shugaban cibiyar lafiya ta unguwa ne, ko jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, ko jagoran ƙungiyar sa-kai, wanda ya ƙudura ba zai ci gaba da zuba ido ba, amma ya rasa ta inda zai ɓullo wa al'amarin da ɗan kuɗi da ma'aikatan da ke hannunsa. Iyalin da ke neman inda za su kai ɗan'uwansu ma za su iya auna wuraren da ke kusa da su da wannan sikeli.

Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi dangin ofiyom, musamman tiramadol, yayin da masu yi wa kansu allura ba su wuce kimanin 80,000 ba. A ɗaya ɓangaren, binciken ƙanjamau na ƙasa na wannan shekarar ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, amma binciken da aka yi a 2020 a kan rukunan da suka fi shiga haɗari ya samu kashi 10.9 cikin 100 a tsakanin masu allura, kusan ninki takwas ke nan. Abin lura a nan shi ne masu allura 'yan kaɗan ne amma cutar ta yi musu katutu, masu haɗiyar ƙwaya kuwa suna da yawan gaske, kuma ko da ƙwaya ba ta yaɗa cutar ta hanyar tsinken allura, tana hana mutum shan maganinsa a kan lokaci. Tsarin da ya dace da rukuni ɗaya ba lallai ne ya dace da ɗayan ba.

Ma'aunai biyar

Na farko kuɗi, kuma fuska biyu gare shi: abin da cibiya za ta kashe, da abin da majinyaci zai kashe a kuɗin mota da asarar wunin aiki, domin maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2006 amma hanyar zuwa karɓarsa ba kyauta ba ce. Na biyu ɗorewa, wato ko majinyaci zai tsaya a cikin tsarin, da kuma ko tsarin kansa zai rayu idan kuɗin waje ya yanke. Na uku sauƙin kafawa da ma'aikatan da ake da su. Na huɗu haɗari: tonuwar asiri, cin karon magunguna, da mutuwa sakamakon shan abin da ya fi ƙarfin jiki. Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, dacewa da irin abin da mutanen yankin suke sha.

Akwai sharaɗi guda da ya hau kan kowane tsari. Ba a ce wa majinyaci ya daina shaye-shaye tukuna kafin a ba shi maganin ƙanjamau. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba kowa magani da zarar gwaji ya tabbatar da cutar, kuma shaye-shaye ba hujjar jinkiri ba ce. Duk wurin da ya sa wannan tarnaƙi ya faɗi jarrabawa tun kafin a auna shi.

Zaɓi na ɗaya: takardar turawa

Wannan shi ne abin da akasarin cibiyoyi ke yi a yanzu. Ɗakin ƙanjamau na ba da maganinsa, idan kuma aka gano shaye-shaye sai a rubuta takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, irin na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Dawanau a Kano. A wajen cibiya babu abin da ya fi shi arha, ba ya bukatar horo ko sabon ɗaki, kuma a can ne ƙwararrun likitocin suke.

Sai dai a ɗauki misalin saurayi mai tuƙa adaidaita sahu, wanda ke haɗiyar tiramadol kowace asuba domin ya iya jure wuni a kan titi. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa takarda ta ce, "Ɗana, wannan ya fi ƙarfinmu, ka daure ka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa." Ya amsa da ladabi, "To Mama, in sha Allahu." Ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihun gaba. A ransa kuwa lissafi biyu yake yi: idan ya tafi ya bi layi, wa zai biya wa mai mashin kuɗin balas na ranar, kuma idan wani ɗan unguwarsu ya gan shi a ƙofar wurin da jama'a ke kira asibitin mahaukata, da wane ido za a dube shi a majalisa. Takardar na nan a aljihu har ranar da aka jiƙa rigar a bokitin wanki. A littafin cibiya an rubuta an tura shi, a can kuma babu wanda ya san ana jiransa. Arhar wannan tsari ta samu ne saboda an ɗora wa majinyaci dukkan nauyin, shi ya sa yake da rauni sosai ta fuskar ɗorewa. Akwai kuma haɗarin cewa likitocin biyu ba su san abin da kowannensu ya rubuta ba.

Zaɓi na biyu: turawa tare da ɗan rakiya

Ƙofofin suna nan biyu kamar da, amma an sa mutum guda ya riƙe hannun majinyaci tsakaninsu. Galibi ɗan rakiyar shi ma ya taɓa shaye-shaye ya bari, ko yana shan maganin ƙanjamau, saboda haka ba ya bukatar a fassara masa yaren 'yan ƙwaya, kuma ya san lungun da ake samunsu da lokacin da suke cikin hayyacinsu. Shi ke tuna wa majinyaci ranar asibiti, ya raka shi, ya nemo shi idan ya ɓace, ya kuma kai labari daga wannan likita zuwa wancan.

Mai kallo daga nesa zai raina wannan tsari, amma yana da hujja mai ƙarfi. A wani gwaji da aka gudanar a Indunusiya da Yukren da Biyetnam, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, an bi masu allura 502 da ke ɗauke da cutar, wasu aka ba su ɗan rakiya da zaman shawara, wasu aka bar su da tsarin da aka saba. Bayan shekara guda, kashi 72 cikin 100 na masu ɗan rakiya suna kan maganin ƙanjamau, idan aka kwatanta da kashi 43 na ɗaya rukunin, kuma mace-mace a cikinsu ya ragu da kusan rabi. Ba a gina sabon asibiti ba, ba a kawo sabon magani ba. Kuɗinsa shi ne alawus da katin waya da kuɗin mota, kuma nan ne rauninsa yake, domin a ƙasarmu alawus irin wannan shi ne abu na farko da ake yankewa idan aljihu ya yi zafi. Haɗarinsa biyu ne: ɗan rakiyar da ba a kula da shi ba zai iya komawa ruwa saboda kullum yana cikin tsofaffin abokai, sannan mutum guda mai sakin baki zai iya tona asirin unguwa guda. Dole a zaɓe shi da natsuwa, a kuma sa wani babba yana zama da shi a kai a kai.

Zaɓi na uku: shigar da maganin shaye-shaye cikin ɗakin ƙanjamau

A nan majinyaci ƙofa ɗaya ya sani, kati ɗaya, ma'aikaci ɗaya. Ana yi wa kowa tambayoyin tantance shaye-shaye, ba wanda ake zargi kaɗai ba, da takardun tambaya na Hukumar Lafiya ta Duniya irin su ASSIST da AUDIT, waɗanda ba sa cin fiye da 'yan mintoci. Wanda matsalarsa ba ta yi nisa ba a yi masa gajeriyar shawara nan take, wanda ta yi nisa a tsara masa zama na musamman, ko rage ƙwaya sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Kundin mhGAP na wannan hukuma, wanda jagora ne kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye, an rubuta shi ne musamman domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, kuma manufar rarraba ayyuka da Nijeriya ta amince da ita a 2014 ta buɗe ƙofar horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma su ɗauki wasu ayyukan da a da sai likita.

An gwada wannan da takardar turawa kai tsaye a birnin Baltimo na Amurka, a wani bincike da ya fito a 2010. Majinyata 93 masu ƙanjamau da suka kamu da dangin ofiyom aka raba gida biyu. Waɗanda aka ba bufrenofin, maganin da ke kwantar da ƙishirwar dangin ofiyom, a cikin ɗakin ƙanjamau, kimanin kashi 74 cikin 100 sun kasance a kan maganin shaye-shayen, waɗanda aka tura waje kuwa kashi 41. Gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa a wannan binciken ba a ga bambanci a yawan ƙwayar cutar cikin jini tsakanin rukunan biyu ba, wato haɗa ayyuka a ɗaki ɗaya yana riƙe mutum, amma ba shi kaɗai ke sa ya haɗiye maganinsa kullum ba.

A ganina wannan tsari ne ya fi dacewa da yawancin garuruwan arewa, saboda dalilai uku. Ɗakunan ƙanjamau sun riga sun kafu, da ma'aikatansu da littattafansu da hanyar bibiyar wanda ya ɓace. Abin da aka fi sha a nan, wato wiwi da tiramadol da kodin da diyazifam da sholisho, yawancinsa maganinsa zama ne da shawara da bibiya, ba wata na'ura ba. Na uku kuma mata: binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce, kuma matar aure da ta saba da kwalbar kodin tun kafin gwamnati ta haramta haɗa maganin tarin da shigo da shi a Mayun 2018 ba za ta taɓa tsayawa a ƙofar da aka rubuta wa shaye-shaye ba, amma tana zuwa awon ciki, tana zuwa karɓar maganinta.

Wahalarsa ita ce yawan aiki. Ma'aikacin da ke da mutum sittin a benci ba shi da rabin awa na sauraron mutum guda, kuma idan ba a gyara halin ma'aikata ba, tambayar tantancewa sai ta koma tuhuma, majinyaci ya yi ƙarya ya wuce. Haka nan tsarin ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda, wanda alheri ne ga sauran majinyata, yana nufin mai shaye-shaye zai daɗe ba a gan shi ba, don haka shi sai an ware masa ranakunsa. Akwai kuma iyakar da bai kamata ƙaramar cibiya ta tsallake ba: wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa ko diyazifam, daina sha farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga har ta kai ga rasa rai, wannan sai asibiti mai gado.

Zaɓi na huɗu: cibiya ta musamman mai komai a rufi ɗaya

Wannan akasin zaɓi na uku ne, wato a kai maganin ƙanjamau inda masu shaye-shaye suke taruwa. Asibitin Muhimbili da ke Darussalam a Tanzaniya ya buɗe ɗakin ba da metadon, wani maganin kwantar da ƙishirwar dangin ofiyom, a Fabrairun 2011, kuma da aka lura masu ɗauke da cutar suna jinkirin fara magani duk da cewa ɗakin ƙanjamau na cikin harabar asibitin, sai daga baya aka shigo da maganin cikin ɗakin metadon ɗin kansa. A Dakar ta Senegal an buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann a Disambar 2014, wadda ta haɗa metadon da tsaftatattun allurai da gwaji da maganin ƙanjamau da ciwon hanta da tarin fuka. A Nijeriya an fara gwajin rarraba tsaftatattun allurai a 2020 a jihohin Gombe da Oyo da Abiya, kuma akwai cibiyoyin da ƙungiyoyi ke gudanarwa domin rukunan da suka fi shiga haɗari.

Ga mai allurar hiroyin ko fentazosin, waɗanda duka dangin ofiyom ne, babu tsarin da ya kai wannan. Metadon da bufrenofin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, kuma wani nazari na 2012 da ya tattara bincike da dama ya nuna kasancewa a kan irin wannan magani na rage haɗarin kamuwa da ƙanjamau da kashi 54 cikin 100 a tsakanin masu allura. Tunda majinyaci na zuwa kullum ya sha metadon a gaban ma'aikaci, ana iya miƙa masa ƙwayar ƙanjamau a lokaci guda. Cin karon magunguna ma ya ragu, domin magungunan ƙanjamau efabirenz da nebirafin da ake bayarwa a da suna rage ƙarfin metadon a jini har mutum ya shiga ƙishirwar ƙwaya, amma dolutegrabir da ke cikin TLD, haɗin maganin ƙanjamau na yanzu, ba ya yin haka. Rifamfisin na tarin fuka dai har yanzu yana rage ƙarfin metadon da dolutegrabir duka, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a ce likita guda ya riƙa ganin katin gaba ɗaya.

Amma shi ne mafi tsada: lasisin ajiye magani mai tsananin tsaro, mai harhaɗa magunguna, likita, aiki har Asabar da Lahadi da ranar Sallah. Makonnin farko na metadon su ne mafi haɗari idan aka yi gaggawar ƙara awo ko majinyaci ya haɗa da giya ko diyazifam. Metadon ba ya yi wa mai wiwi ko mai giya komai, kuma a Nijeriya ba a samunsa sai a wurare ƙalilan. Tunda mallakar miyagun ƙwayoyi laifi ne a dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, cibiyar da ba ta fahimci juna da jami'an tsaro da masu unguwa ba za ta wayi gari ƙofarta ta zama wurin kame. Mafi girman rauninsa ya fito fili a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, cibiyoyi irin waɗannan a ƙasashe da dama suka rufe ko suka rage aiki cikin 'yan kwanaki, saboda kusan komai nasu da kuɗin waje aka gina shi.

Zaɓi na biyar: kwantarwa

Shi iyalai suka fi so, domin ido na ganin an yi wani abu. Yana da muhallinsa: mai jijjiga, wanda hankalinsa ya gushe, mai barazanar halaka kansa. Iyali ke biyan mafi yawan kuɗin, na makonni ko watanni. Haɗarin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne wanda ya fito bayan an wanke masa jiki ya rasa juriyar da ya saba da ita, idan ya koma kan adadin da yake sha a da zai iya mutuwa a daren farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin sallama ya kamata a san wa zai karɓe shi, kuma idan dangin ofiyom yake sha a ba iyali nalokson, maganin farfaɗo da wanda ya sha abin da ya fi ƙarfin jikinsa, a koya musu amfani da shi. A kuma tambayi wurin ƙarara ko za su ci gaba da ba shi maganin ƙanjamau kullum. Gidan mari kuwa ba ya cikin lissafi. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna abin da ke iya faruwa a bayan irin waɗannan katangu, kuma mai ƙanjamau da aka kulle ba tare da maganinsa ba an gudu ne ba a tsira ba.

| Tsari | Kuɗin cibiya | Kuɗin majinyaci | Ɗorewa | Sauƙin kafawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Takardar turawa | Kaɗan ƙwarai | Mai yawa | Mai rauni | Nan take | Ɓacewa a hanya |
| Turawa da ɗan rakiya | Kaɗan | Matsakaici | Mai kyau muddin ana biyan alawus | Mai sauƙi | Tonuwar asiri |
| Haɗawa a ɗakin ƙanjamau | Matsakaici | Kaɗan | Mai kyau | Sai da horo | Aiki ya fi ƙarfin ma'aikata |
| Cibiya ta musamman | Mai yawa | Kuɗin mota kullum | Mai kyau ga majinyaci, tsarin ya dogara da tallafi | Mai wuya | Yankewar kuɗi, kame |
| Kwantarwa | Mai yawa | Mai yawa ƙwarai | Mai rauni idan ba bibiya | Sai babban asibiti | Mutuwa bayan sallama |

Wanne ya dace da wa

Ƙaramar cibiya ta ƙauye ko ta gefen gari, mai jami'in lafiya biyu ko uku, ta fara da ɗan rakiya guda da lambar wayar wani ma'aikaci takamaimai a asibitin da take turawa, ta kuma koyi tambayoyin tantancewa. Babban asibiti ko cibiyar da ta riga ta mallaki ɗakin ƙanjamau mai ɗaruruwan majinyata, a garin da ƙwaya da wiwi da kodin suka fi yawa, zaɓi na uku ne nata, kuma zai fi armashi idan ta haɗa shi da na biyu, ta ware rana guda a mako domin waɗannan majinyata. Birnin da aka tabbatar yana da masu allura da yawa a wasu sanannun unguwanni shi ne ya cancanci cibiya ta musamman, da sharaɗin a dasa ta cikin asibitin gwamnati kamar yadda aka yi a Darussalam da Dakar, kuma albashin manyan ma'aikatanta ya fito daga kasafin jiha. Iyalin da ɗansu ke jijjiga ko ya fita hayyacinsa su nufi asibiti mai gado yau, su tafi da kwalbar maganin ƙanjamau ɗinsa da katinsa. Iyalin da ɗansu ke cikin hankalinsa yana fita nema, su fara da ɗakin da yake karɓar magani, su tambaya ko akwai wanda zai zauna da shi a kan batun ƙwayar, kuma su nemi sanin sunan ma'aikacin da zai neme shi idan ranar zuwansa ta wuce bai zo ba.